Baƙar Kwat ɗin Delmas Kearns

A garin Tolliver, nan bakin kogin Ohio, babu wanda ya taɓa tsallaka titi don ya gaida Delmas Kearns, babu kuma wanda ya taɓa tsallakawa don ya guje masa. Irin mutanen nan ne da za ka yini da su a ɗaki ɗaya, da yamma a tambaye ka ko ka gan su, ka tsaya kana tunani. Ubansa mahaƙin kwal ne, ƙato, mafaɗaci, wanda ƙura ta cinye wa huhu tun bai tsufa ba. Delmas bai gaji jikin ba, bai kuma gaji zuciyar ba. Ya taɓa gwada shiga ramin kwal, kafin keken da ke sauka da mahaƙa ya kai ƙasa ya kwarara amai a kan takalman na kusa da shi, aka hauro da shi ana zagi. Lokacin yaƙi likitan soja ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa, ya dubi tafin ƙafarsa, ya ce ya koma gida. Sa'o'insa suka dawo da lambobin yabo, wasu da ƙafa ɗaya, suka same shi yana share daɓen gidan shirya gawa na Mista Hobart.

A nan ya zauna har ya doshi hamsin. Aikinsa wanke mota, jera kujeru, ɗaukar furanni, riƙe ƙofa, da tsayuwa jikin bango hannu a harɗe yayin da masu makoki ke wucewa ta gaban akwatin gawa. Mista Hobart tsoho ne mai tsabta da tsare gida. Shi ya koya wa Delmas magana ƙasa-ƙasa, ba hawa ba sauka, da yadda ake ajiye fuska ba dariya ba kuka. Shi ne kuma ya sayo baƙar kwat da baƙar malafa da laktaye, da sharaɗin a rataye su a bayan ƙofar ofis in an tashi aiki, don kayan gidan ne, ba na Delmas ba.

Kada wani ya ce bawan Allah ne da duniya ta taka. Duniya ba ta ma lura da shi ba, balle ta taka shi. Shi ne dai yake taka duk abin da ya fi ƙarfi, abin da ya fi ƙarfin kuwa bai taka kara ya karya ba: karen maƙwabta in yana ɗaure, da tsofaffin matan da suka rasa mazajensu, in sun shigo ɗakin makoki a ruɗe ba su san inda za su zauna ba. Furannin da aka bari a kan sabon kabari yakan koma ya tsince masu kyaun ya kai wa matarsa Ernestine, ya ce a shago ya saya. Ernestine ɗinki take yi a masana'antar riguna. Ta aure shi a shekarun da maza suka yi ƙaranci, ta kuma daɗe da daina ɓoye hakan. Takan karɓi furannin ta juya su ta ce, "Yau kuma na wa ne? Na ji an binne matar Dillon." Sai ta tura su kwandon shara ta ci gaba da gyaran wakenta.

Cikin kakar 1966 aka fara ganin abubuwa a sararin samaniyar kwarin kogin. Wani ya ga jar fitila tana bin motarsa, wata ta ga abu kamar faifai yana shawagi bisa tashar lantarki, wani manomi ya ce shanunsa sun ƙi shiga makiyaya. Ƙananan jaridun gundumomi suka samu abin cika shafi. A shagon abincin Dot, inda maza ke taruwa shan gahawa kafin aiki, ba a wata hira sai ta faifan sama. Bayan ita sai wata hirar ta biyo, wadda ake rage murya in za a yi. Wai duk wanda ya ga abin ya kuma buɗe baki, ba a daɗewa sai baƙi sun zo masa, cikin baƙar mota sabuwa fil, da baƙaƙen kwat, suna magana kamar masu karanta takarda. Sun san sunanka, sun san na 'ya'yanka. Wasu su ce gwamnati ce, wasu su ce sojan sama ne, wasu su ce ba mutane ba ne sam. A shagon babu wanda ya gan su da idonsa, amma kowa yana da suruki ko abokin aiki da ya san wanda suka ziyarta.

Delmas na can ƙarshen kantar shagon yana ji. Ya so shi ma ya ga wani abu. Ya yi ta ɗaga kai sama har wuyansa ya ƙage, bai ga komai ba sai jiragen da ke zuwa Charleston. Ya taɓa cewa ya ga wani haske a bayan maƙabarta, Dot ta ce masa fitilar motar shara ce, ta tura masa sukari, aka ci gaba da hira kamar bai yi magana ba.

Wata rana Mista Hobart ya aike shi hayin kogi, cikin jihar Ohio, ya karɓo rigar da za a sa wa wata tsohuwa da ta rasu. Ya ce ya tafi da babbar motar, baƙar Kadilak ɗin da ake ɗaukar iyalan mamaci, ya kuma sa kayan aiki tunda gidan makoki zai shiga. Delmas ya ɓata hanya a cikin tuddai. Ya hango wani gidan gona, ya karya kan mota ya shiga don ya yi tambaya. Mai gonar, wani dattijo, yana gyaran shinge. Da ya ɗago ya ga motar sai guduma ta suɓuce masa. Delmas bai san cewa hoton mutumin nan ya fito a jarida ba da daɗewa ba, yana nuna inda wani abu ya sauka a makiyayarsa ya ƙone ciyawa.

Ya fito, ya gyara malafa, ya gaida shi da muryar aiki. Kafin ya kai ga tambaya dattijon ya tare shi.

"Yallaɓai, ni ban ga komai ba. Ɗan jaridar nan ne ya ƙara gishiri. Ciyawar ma ni na sa mata wuta da kaina, mantawa na yi."

Delmas ya yi shiru, don bai gane zancen ba. Shirun ya ƙara rikita dattijon. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya shiga rantse-rantse cewa ba zai ƙara yi wa kowa maganar ba, ko matarsa, a dai bar masa iyalinsa lafiya. Ya fi Delmas tsawo da faɗi, hannuwansa kamar shebur.

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Delmas. Da mai hankali ne, da ya yi dariya ya ce, baba, kwantar da hankalinka, hanyar gidan su wance nake nema. Shi kuwa ya dubi hular nan da ke ƙirjin dattijo, wani daɗi ya ratsa shi tun daga wuya har gwiwa, irin wanda bai ji ba ko ranar aurensa. Ya tuna sunan da ya gani a jikin akwatin wasiƙa a bakin hanya, Estil Rood, ya ce, "Haka ya fi maka, Mista Rood." Ya koma mota a hankali. Sai da ya yi nisa ya tuna bai tambayi hanyar ba. Ya dawo da rigar a makare, Mista Hobart ya wanke shi tas, ko zafi bai ji ba.

Daga nan ya samu abin yi. Jaridun da ake ajiye wa masu jira a ofis yakan bi su yana neman waɗanda suka ga faifai. Ba ya taɓa na kusa, inda aka san fuskarsa, sai na hayin kogi da na gundumomin nesa. Duk ranar da aka aike shi ɗauko akwati, ko Lahadin da Mista Hobart ya tafi wurin 'yarsa ya bar masa makullai, sai ya shafe lambar motar da taɓo ya kama hanya. Ya sayi baƙin tabarau a kantin magani. Da ya ji ana cewa a shagon Dot fuskar baƙin kamar ba jini a cikinta, sai ya fara ɗibar hodar da ake shafa wa gawa yana murzawa a kumatu, har da ɗan jan da ake sa musu a leɓe. Kafin ya isa gidan mutum yakan ɓoye motar a bayan wani coci, ya tuɓe kwat, ya taka zuwa kantin ƙauyen ya sayi lemo ya jingina yana saurare. Shekarun da ya yi jikin bango sun koya masa cewa mutane ba sa rufe baki a gabansa. A nan yake jin sunan matar gidan, da na 'ya'ya, da inda suke zuwa da inda suke dawowa.

Ba a kan kowa ya yi nasara ba. Wata mai kiwon kaji ta sakar masa karnuka, ya bar mata rabin ƙafar wando, ya dawo yana ɗinki a ɓoye kada Mista Hobart ya gani. Wani makanike ya ce ya nuna katin shaida, Delmas ya ce bari ya ɗauko a mota, ya ja ta da gudu. Bayan waɗannan ya koyi zaɓe. Ya daina zuwa wurin waɗanda ke dariya a hoton jarida, ya koma neman masu kallon ƙasa.

Ernestine ta taɓa ganin jan leɓen a hankicinsa tana wanki. Ta ɗaga shi sama ta daɗe tana kallo, sannan ta dubi mijinta da ke cin burodin masara da madara a teburin kicin. Delmas ya daskare, cokali a hannu. Ta ce da ma a ce mace ce, ai da ta je ta gaida ta, ta tambaye ta ko idonta lafiya. Ta jefa hankicin cikin ruwa, ba ta ƙara tada zancen ba.

Abin da ya fi yi masa daɗi shi ne dawowar labarin. Labarin yakan ɗauki kwanaki ya tsallako kogi ya iso shagon Dot, in ya iso kuma ya yi ƙiba: wai su uku ne, wai ba sa ƙifta ido, wai motar ba ta da ƙara ko kaɗan. Delmas ya zauna yana juya cokali a gahawa, yana cika yana batsewa a ciki. Ga manyan mutanen da ba su taɓa tambayarsa ko lafiyar gida ba, direbobin jirgin ruwa, tsofaffin sojoji, suna rage murya saboda shi. Har wata rana ya kasa haƙuri ya ce, shi dai yana ganin mutum ɗaya ma ya isa, in ya san abin da yake yi. Wani ya ce, "To, Delmas ya yi magana, sai a sanar da Washington." Aka yi dariya, shi ma ya taya su.

Burl Sayre direban tankar madara ne a wata gunduma can arewa. Da sassafe yake zagaya gonaki yana kwasar madara. A irin wannan zagayen ne, gari na wayewa, ya ga wani abu mai sheƙi ya tsaya cak bisa hanya, injin motarsa ya mutu, abin ya tashi ba ƙara. Mutum ne mai kunya, ya yi yaƙin Koriya ya dawo da barcin da ba ya cika. Bai so a buga labarin ba, abokin aikinsa ne ya kai wa jarida. A hoton kansa na sunkuye.

Delmas ya same shi ranar Lahadi bayan an taso daga coci, ana shirin cin abinci, shi da matarsa Nola da 'yarsu Jeanie, wadda ke firamare. Nola ce ta buɗe ƙofa. Bai jira an ce ya shigo ba. Ya zauna a kujerar maigidan, ya ɗora malafa a gwiwa, ya ƙi gahawar da aka miƙa masa.

"Mista Sayre, ka yi magana da yawa."

"Ba da niyya ba ne, yallaɓai. Tambayata aka yi."

"Nan gaba in an tambaye ka, gajiya ce. Gyangyaɗi ka yi a kan sitiyari."

Burl ya ce to. Da a nan Delmas ya tsaya, wataƙila da abin ya wuce kamar na sauran. Amma mutumin ya yi laushi da wuri, daɗin bai ishe shi ba. Ya juya baƙin tabarau wajen yarinyar ya ce, "Wannan ce Jeanie ko? Mai bi ta gadar ƙarfe zuwa makaranta ita kaɗai. Hanyar da nisa ga ƙaramar yarinya." Ya tashi ya sa malafa.

Nola ta bi shi har ƙofa, ba don ladabi ba. Ita ba ta karanta labaran faifai, ba ta kuma da saurin tsorata. Da ya gifta ta gabanta ta ji wani wari mai hawa kai, kamar na magani. Ta ga inda hodar ta tsaya a gefen kunnensa, ƙarƙashinta jar fata mai ƙuraje, ta kuma ga faratansa duk a ciccije. Ta dawo ta gaya wa mijinta cewa wannan ɗan adam ne, ɗan adam ɗin ma ba wani na kirki ba. Burl bai ji ta ba. Yana tsaye a taga yana kallon ƙurar motar.

Washegari ya hana Jeanie zuwa makaranta. Ya manne tagogi da takarda. Ya tsinke wayar tarho daga bango, ya ce yana jin numfashi a cikinta. Duk baƙar motar da ya hango a hanya sai ya kauce ya tsaya har ta ɓace, madara ta riƙa lalacewa a tanki, ƙarshe kamfanin ya sallame shi. Ya koma zaman baranda da bindigar farauta a cinya. Ranar da ya auna ta ga mai kawo wasiƙa, 'yan'uwansa suka taru suka kai shi asibitin masu taɓin hankali. Nola ta mayar da 'yarta makaranta, ita kuma ta kama aikin wanke-wanke a kicin ɗin makarantar. Wannan labarin ma ya iso Tolliver kamar sauran. Delmas ya ji, ya ɗan rage fita, ba don tausayi ba, don bindigar da aka ambata.

Da sanyi ya wuce, wata gwaggon Nola da ke aure a Tolliver ta rasu, aka kawo ta gidan Mista Hobart. Ɗakin ya cika. Delmas na tsaye a wurinsa jikin bango, ba hoda ba tabarau, kwat ɗin dai ita ce. Nola ta shigo cikin layi, ta wuce ta gaban akwati, ta juyo. Warin ta fara ganewa, don duk ɗakin shi yake yi a ƙarƙashin ƙamshin furanni. Sannan ta ga faratan hannun da ke harɗe. Ta tsaya a gabansa har na bayanta suka fara leƙe. Delmas bai gane ta ba, bai taɓa damuwa da kallon matan gidajen da yake shiga ba. Ya sunkuyar da kai ya ce da muryar aiki, "Allah ya ba da haƙuri, baiwar Allah. Ga kujera can."

Muryar ce ta ƙarasa mata. Ba ta ɗaga tata ba.

"Ashe nan kake. Ashe kai ne gwamnatin."

"Ban gane ba, baiwar Allah."

"Ka gane. Kai ne ka zauna a kujerar mijina ka kira sunan 'yata. Ina tabarau ɗin? Ko sai za ka je wurin masu rai kake sawa?"

Masu makoki suka juyo. Delmas ya nemi ƙofa da ido, ya ce wa na kusa matar ba ta cikin hayyacinta, baƙin ciki ne. Mista Hobart ya zo ya ja su biyun zuwa ofis. Tsohon bai yi dogon bincike ba. Da ma ya daɗe yana mamakin yadda hoda ke ƙarewa da yadda motar ke dawowa da taɓo. Ya fita ya buɗe aljihun motar, ya dawo da tabarau ya ajiye a kan tebur. Delmas ya fashe da kuka, kuka mai majina, yana cewa wasa ne, shi bai taɓa kowa da hannu ba. Mista Hobart ya ce ya tuɓe kwat ɗin nan take ya rataye. Ta ƙofar baya ya fita, daga shi sai farar shat, masu makoki na kallonsa ta taga.

Ɗan sandan gundumar ya juya zancen ya rasa laifin da zai kama shi da shi, tunda Delmas bai taɓa furta cewa shi ma'aikacin gwamnati ne ba, bai kuma karɓi komai a hannun kowa ba. Nola ta ce ita ba kurkuku take so ba. So take a kai shi gaban Burl da rana tsaka, cikin kayansa na gida, mijinta ya ga abin da ya firgita shi. Likitan da ke duba Burl a asibitin ya yarda a gwada.

Ɗan sandan ne ya tuƙa su. Delmas na kujerar baya cikin wata tsohuwar rigar sanyi mai ruwan ƙasa, yana haddace ban-haƙurin da aka ce ya yi. Aka fito da Burl farfajiya, ya rame, an yi masa aski. Nola ta riƙe hannunsa ta ce, "Burl, dube shi da kyau. Ga baƙon namu. Mai share gidan gawa ne a Tolliver, hodar matattu ya shafa. Ba wanda ya aiko shi, ba wanda ke bin Jeanie." Ɗan sandan ya zunguri Delmas, ya karanto haddarsa yana kallon takalmansa.

Burl ya daɗe yana dubansa, cikin natsuwa, har da ɗan tausayi. Sannan ya juya wajen matarsa.

"Nola, na san don ni kika yi, na kuma gode. Amma ki mayar da bawan Allahn nan gida. Wancan dogo ne, sai da ya sunkuya ya shigo ƙofa. In ya dube ka har cikin ƙashi kake jin sanyi. Wannan kuwa, dube shi fa. Su ne suka sa shi ya ce shi ne."

Nola ta saki hannunsa ta zauna a benci, ta rufe fuska. Suka kama hanyar dawowa. Ita tana gaba ta jingina kai da gilashi. Delmas kuwa maganar Burl ɗin nan ce take ta yawo a kansa. Tun da aka tuɓe masa kwat bai ɗaga ido ya dubi kowa ba, yanzu sai ya ji bayansa yana miƙewa da kansa. Ya yi ƙoƙarin danne murmushi ya kasa. Bayan an sauke Nola a gidanta ya matso kusa da kunnen ɗan sandan ya ce, "Ka ji abin da ya ce kuwa? Wai sai da na sunkuya." Ɗan sandan ya taka burki ya ce ya sauka. Da ƙafa da roƙon masu manyan motoci ya iso gida, kafin ya iso kuma duk garin ya ji abin da ya ce.

Daga ranar sunansa ya koma Gwamnati. In ya shiga shagon Dot sai wani ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Ban ga komai ba, yallaɓai." Ba a daɗe ba Dot ta ce ya riƙa shan gahawarsa a gida. Ernestine ba ta rabu da shi ba, ta ce ba ta ga dalilin barin gidan da ta share shekaru tana gyarawa ba. Ta kwashe kayansa ta kai ɗakin baya kusa da injin wanki. Abin da ta ce masa kawai shi ne, "Da mata kake bi, Delmas, da na fi ganin girmanka."

Ya samu aiki a gidan man da ke gindin gada, yana zuba mai yana goge gilashi. Nan Estil Rood, dattijon da abin ya fara a gonarsa, ya zo nemansa da labari ya kai masa. Delmas na hango shi ya ruga bayan gida ya sa sakata. Estil ya tsaya a bakin ƙofar yana jin shessheƙa daga ciki. Ya zo da niyyar karya masa haƙora, ya ga ba abin da zai daka, ya tofar da yawu ya koma motarsa.

Labarin masu baƙar kwat kuwa ko gezau bai yi ba. A shekarun da suka biyo baya marubuta suka riƙa zuwa kwarin da na'urar ɗaukar magana suna tattara labarai. Delmas, da kunya ta sake shi, ya fara tare su a bakin famfon mai. Ya gaya wa wani mai gemu da ya zo daga New York cewa shi ne, shi kaɗai, duk ziyarar da aka yi a gundumomin nan. Ya haɗa har da waɗanda bai yi ba, har da na jihohin da bai taɓa takawa ba. Mai gemun ya saurara, ya dubi ɗan tsohon da ke gabansa cikin riga mai maiƙo, ya kashe na'urar ya ce a cika masa tanki. Sannan ya tambaye shi hanyar gidan su Sayre. A littafin da ya fito an ba Burl babi guda, shi da dogon baƙonsa da ba ya ƙifta ido. Delmas ya je laburare ya bi shafi-shafi da yatsa yana neman sunansa, har mai kula da wurin ta ce za a rufe.

An sallami Burl bayan wasu shekaru. Ya zauna a gida yana noman tumatir a bayan ɗaki, bai ƙara tuƙi ba, bai kuma taɓa yarda cewa mai share gidan gawa ne ya ziyarce shi ba. Nola ce ta riƙe gidan har Jeanie ta gama karatun jinya.

Delmas ya faɗi a gidan man wata safiya, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya yi kusan shekara a ɗakin baya. Ernestine tana ba shi abinci a kan lokaci, tana canja masa shimfiɗa, in ya fara ƙoƙarin ba ta labarin tafiye-tafiyensa da karkataccen baki sai ta ƙara muryar rediyo. Ya mutu cikin hunturun 1979. Faston cocin sabon zuwa ne, bai san shi ba, ya zo ya tambayi Ernestine abin da take so a faɗa game da mijinta a bakin kabari. Ta ɗan yi tunani ta ce ya faɗi ranar da aka haife shi da ranar da ya mutu, ya yi addu'a, kada ya ja, akwai sanyi. Da ƙanƙara ta narke ta sayar da gidan ta koma wurin ƙanwarta a Columbus.